Ruwan da Rada Ba Ta Gani Ba

A ofishin kula da bala'o'i na ƙaramar hukumar, Malama Watakila ake ce wa Nagase Chizuru idan ana raha. Umeda ne ya laƙaba mata sunan, abokin aikinta da teburinsa yake kallon nata. Dalili kuwa shi ne ba a taɓa tambayarta yawan ruwan da ya sauka ta ba da amsa guda ba. Kullum biyu take bayarwa, ta ƙasa da ta sama, ta ce gaskiyar tana wani wuri a tsakani.

Ba don son gardama take yin haka ba. Rada, na'urar hangen gajimare da suke dogara da ita, tana kan wani dutse a bakin teku, kilomita saba'in daga garinsu. Duk bayan minti biyar takan aiko da taswirar yankin cikin launuka, shuɗi inda ake yayyafi, ja inda ake sheƙawa, kowane wuri da lambarsa. Mutane suna son lambar nan, don takan zo tsaf kamar wadda aka auna da hannu. Amma Chizuru ta san rada ba ta taɓa ganin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa ba. Saƙo take harbawa cikin gajimare, ta saurari abin da ya dawo, sannan ta kintata. Shekara uku Chizuru ta yi tana gwada kintacen nan da ma'aunan ruwan da aka kafa a ƙasa, awa bayan awa, tana rubuta inda suka dace da inda suka saɓa. A cikin gari suna dacewa sosai. A kwarin Akane ne abin yake lalacewa. Tsauni ya tare gindin gajimaren, sai samansa kawai rada take hange. Idan kuma wani ruwa mai ƙarfi ya tsaya tsakanin teku da kwarin, sai saƙon ya raunana a tafiya, ya ƙara raunana a dawowa, rada ta faɗi rabin abin da yake sauka. Wani lokacin ma ba ya kai rabi.

Kwarin siriri ne, hanya ɗaya ce take shiga cikinsa, gada ɗaya. A can ƙarshensa ƙauyen Tochinoki yake, mutum ɗari da talatin da ɗaya, yawancinsu sun haura sittin. A gindin gangaren dutsen da yake bayan ƙauyen akwai gidan kula da tsofaffi mai mutum talatin da huɗu. Sama da shi kaɗan, a tsakiyar gonakin shayi, gidan surukinta yake, Baba Genzo, ɗan shekara saba'in da tara, wanda ya ƙi komawa gari tun rasuwar matarsa. Mijinta Toru yana aiki a Osaka, sau biyu a wata yake zuwa, don haka ita take kai wa tsohon magani duk ranar Lahadi.

Wata Alhamis a farkon watan Yuli, kwana na tara ke nan ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, ma'aunin Tochinoki ya daina aiko da komai da ƙarfe goma saura minti ashirin na safe.

"Ya sake mutuwa," in ji Umeda, yana tauna dunƙulen shinkafar da bai samu ci a gida ba. "Ganye ne ya toshe shi, ko kuma kwaɗo ya kama haya a ciki. Bara ma haka ya yi mana."

"In ya toshe, sifili yake aikowa," ta ce. "Yanzu ko sifilin babu."

Ta buɗe taswirar. Wani dogon jan layi ya kwanta daga kudu maso yamma, daidai tsakanin teku da kwarin, kuma kusan awa guda ke nan bai gusa ba. A bayansa, saman Tochinoki, launin ruwan ɗorawa ne kawai: milimita talatin da takwas a awa. Ƙa'idar ofishin a rubuce take: idan ƙasa ta jiƙe irin haka, sai ruwa ya kai sittin a awa ake umartar mutane su bar gidajensu. Ta saka lambobin cikin lissafinta. Ta sake sakawa, ko ta yi kuskure. Amsar ba ta canza ba. Ta ɗauki takardar ta nufi teburin shugaban sashen.

Hirakawa mutum ne mai sanyin murya, saura shekara biyu ya yi ritaya. Bara, a irin wannan wata, shi ya ba magajin gari shawarar a kwashe mutanen Tochinoki. Ruwan bai zo yadda aka zata ba. A wajen saukar da tsofaffi daga mota wata tsohuwa ta zame, ƙashin ƙugunta ya karye, ba ta sake tashi daga gado ba har ta rasu bayan wata biyu. Ɗanta ya zo ofis. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya gaban teburin Hirakawa na tsawon lokaci, ya rusuna, ya fita. Tun daga ranar Hirakawa ba ya motsi sai lamba ta haye layin da aka shata.

"Yallaɓai, ina so ka duba wannan."

"Talatin da takwas," ya ce. "Na gani."

"Abin da rada ta ce ke nan. Lissafina ya ce tsakanin talatin da casa'in da biyar."

Ya cire tabarau ya ajiye, ya kira ta da sunan girmamawa. "Nagase-san, tsakanin talatin da casa'in da biyar ai ba lamba ba ce. A talatin, mutane suna zaune suna kallon talabijin. A casa'in da biyar, dutse yana saukowa kansu. Wanne zan kai wa magajin gari?"

"Duka biyun."

"Malama Watakila ta fara," in ji Umeda daga nesa. Ba wanda ya taya shi dariya.

Ta shimfiɗa takardar, ta sa yatsa a kan jan layin. "Wannan ruwan ya tsaya mana a gaba. Duk abin da yake bayansa, ta cikinsa rada take kallonsa. Sau goma sha ɗaya na ga irin wannan hoton cikin shekara uku. A bakwai, abin da ya sauka a kwarin ya fi abin da rada ta faɗa nesa ba kusa ba. A huɗu kuma ta yi daidai."

"Na bara yana cikin huɗun?"

"Yana ciki."

Hirakawa ya daɗe yana kallon takardar. Ta ga yadda yake murza babban yatsansa a gefen teburin.

"Mutum talatin da huɗu ne a gidan nan," ya ce. "Goma sha biyu ba sa tafiya da ƙafarsu. Uku suna kan iskar numfashi. Idan na fito da su cikin wannan ruwa, na san akwai wanda zai cutu, wannan ba watakila ba ne. Ki kawo mini lamba ɗaya daga ƙasa. Ɗaya tak, wadda wani ya gani da idonsa."

Ba ta ga laifinsa ba, wannan ne ma ya fi tayar mata da hankali. Ta koma teburinta. Ta kira gidan tsofaffin, wata ma'aikaciya ta ɗauka tana haki, ta ce ruwa yana shigowa ta ƙofar baya, suna ta tarewa da tawul, ba mai sukunin fita. Ta kira mai unguwar ƙauyen sau uku, bai ɗauka ba. Mota daga nan zuwa can minti arba'in ce a rana mai kyau. Ta kalli wayar na ɗan lokaci, sannan ta danna lambar da ba ta so ta danna ba.

"Yau Lahadi ce ban sani ba?" in ji Baba Genzo.

Da ƙyar take jin muryarsa. A bayansa akwai wani ƙugi mara yankewa, kamar ana zazzage tsakuwa daga babbar mota.

"Baba, ƙarar me nake ji?"

"Rufin ɗaki ne. Tun ɗazu na kashe talabijin, ba na jin abin da suke cewa."

"Baba, taimako nake nema. Tukunyar nan da kake dafa taliya, mai miƙaƙƙen gefe, tana kusa?"

"Ke, gwamnati ta saya muku na'urar da ta fi gidana da gonata tsada, amma sai da tukunyar taliyata za ku san ana ruwa?"

"Sai da ita. Ka juye ta ta bushe, ka kai ta tsakiyar tsakar gida, nesa da indararo da bishiya. Ka dawo ciki ka duba agogo. In minti goma ya cika, ka ɗauko ta ka tsoma rula a tsaye. Akwai rula a akwatin ɗinkin Mama."

"Na san inda rula take, 'yar nan. Ajiye wayar, zan kira ki."

"A'a, kada ka kashe. Ka bar ta a kan tebur."

Ta ji ya ajiye. Ta ji ƙarar ƙofa ana ture ta gefe, ƙugin ya ninka, sannan ba ta ƙara jin motsinsa ba.

Sai a lokacin ta tuna matakalar dutse guda huɗu da take sauka daga baranda zuwa tsakar gidan. Gansakuka ta cinye ta. Ita kanta ta taɓa zamewa a kai da rani. Ta tuna gangaren da yake bayan gidan, tsaye kamar bango, itatuwan katako sun rufe shi. Ita ce ta aiki tsoho mai ciwon gwiwa ya fita ƙarƙashin gangaren nan, don ta sami lamba. Ta manna wayar a kunne har ya yi zafi. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Fita da dawowa ba za su kai haka ba.

"Baba?"

Ba amsa sai ruwa. Umeda ya ajiye shinkafarsa ya zo ya tsaya kusa da ita. A minti na huɗu ta ji an rufe ƙofa, ta ji tari.

"Takalmina ya tafi," in ji tsohon. "Ruwa ya ɗauke ƙafa ɗaya, na bi shi har bakin shinge ban samu ba."

"Kada ka sake bin komai. Ka zauna."

"Na zauna. Ke kuma ki daina numfashi a kunnena kamar wadda ta yi tsere."

Ta saka wayar a lasifika ta ajiye a tebur. Hirakawa ya taso ya zo. Su uku suka tsaya suna kallon agogon bango. A allon kwamfuta taswirar ta sabunta sau biyu: talatin da shida, sannan arba'in. Da lokaci ya cika suka ji ƙofa, suka ji ƙugin ya shigo ɗakin, suka sake jira. Wannan karon bai daɗe ba.

"Goma sha shida," ya ce. "Da ɗan ɗoriya."

"Milimita goma sha shida? Ka tabbata rular a tsaye take?"

"Shekara hamsin ina auna tsiron shayi, yau za ki koya mini riƙon rula?"

Goma sha shida sau shida. Casa'in da shida a awa. Umeda ya faɗi lambar a hankali, kamar yana tsoron ta ji shi.

"Abin da ya ba ni mamaki," Baba Genzo ya ci gaba, "rafin nan na bayan gida. Da safe yana ambaliya har kan hanya. Yanzu ya ja baya, har duwatsun ciki nake gani. Kuma wani wari nake ji, irin na ƙasar da aka tona yanzu."

Nan take Chizuru ta gane. Rafi ba ya raguwa ana irin wannan ruwa sai in wani abu ya tare shi a sama. Ƙasa ta riga ta zame a wani wuri cikin dajin, ta datse shi, ruwa yana taruwa a bayanta. Ta ɗaga ido, ta tarar Hirakawa ya riga ya ɗauki wayar magajin gari. Ƙarfe goma sha ɗaya saura minti goma aka ba da umarni.

"Baba, ka fita yanzu. Kada ka ɗauki komai, ko magani. Ka shiga mota ka haye gada."

"Fusae ba ta jin lasifika," ya ce. Maƙwabciyarsa ce, kurma, tana zaune ita kaɗai a gidan da yake sama da nasa. "Zan biya in ɗauko ta."

"'Yan kwana-kwana suna hanya, su za su ɗauko ta."

"Kafin su iso na kai ta na dawo. Kashe wayar, kina ɓata mini lokaci."

Shi ya kashe.

Daga nan ofishin ya rikice da aiki. Lasifikokin ƙauyen suka fara shela. Aka tura bas biyu na makaranta da motar asibiti ɗaya. Shugabar gidan tsofaffin ta kira tana cewa ba za ta iya cikin awa ɗaya ba, Hirakawa ya ce mata da muryarsa mai sanyi, "Ki fara da waɗanda ba sa tafiya. Duk abin da ya faru a hanya, a wuyana yake."

Ƙarfe sha ɗaya da kwata ta kira Baba Genzo, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sha ɗaya da rabi ta sake kira, aka ce mata ba a samun lambar. Umeda ya gwada ta mai unguwa, haka. Turken waya na kwarin ya faɗi.

Sha biyu saura minti goma sha biyu direban bas na biyu ya yi magana ta rediyo, ya ce ya haye gada, ruwa yana lasar ƙasanta. Tsofaffi talatin da huɗu sun fita, ɗaya ta suma a hanya amma tana numfashi. Sha biyu da minti biyar wani ɗan kwana-kwana da aka bari a bakin gadar ya kira. Da farko ba a gane abin da yake faɗa ba. Ya maimaita a hankali. Gangaren da yake bayan gonakin shayi ya sauko gaba ɗaya. Itatuwa suna tafiya a tsaye. Bene na ƙasa na gidan tsofaffin ya cika da taɓo har rufi. Hanya ta yanke sama da gada.

"Gidajen da suke cikin gonakin fa?" Muryar Chizuru ce, amma ba ta san ta yi magana ba.

"Ba na hango su," in ji mutumin. "Ba na hango komai a wurin."

Ta zauna. Wani ya ajiye mata kofin shayi, ba ta taɓa shi ba. Aka fara ƙirga waɗanda suka isa ɗakin wasanni na makarantar firamare, inda aka tanadar musu. Umeda ne yake karɓar sunaye yana sa musu alama a jerin. Casa'in da huɗu. Ɗari da shida. Ɗari da goma sha takwas. Daga nan ƙirgar ta tsaya. Saura mutum goma sha uku. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai ɗago kai ba, da haka ta gane sunan Baba Genzo bai zo ba.

Ta ɗauki waya za ta kira Toru, ta fasa. Me za ta ce masa? Ta san tambayar farko da zai yi, kuma ba ta da amsarta.

Jan layin kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Wajen ƙarfe ɗaya ya fara gusawa gabas, ya sa wani kwari a bayansa, mai ƙauyuka biyu. Hirakawa ya zo ya tsaya a gefen teburinta.

"Nagase-san, in kina so ki tafi makarantar, ki tafi. Ba wanda zai ce komai."

"In na je can me zan yi?"

"To, ki ba ni na gabas."

Ta jawo allon. "Rada ta ce ashirin da biyar. Nawa ya ce tsakanin ashirin da hamsin da biyar. Tsaunin can bai kai na Akane tsawo ba, don haka ratar ba ta da faɗi sosai."

"Hamsin da biyar bai kai sittin ba."

"Bai kai ba. Amma sau tara cikin goma ne gaskiya take faɗawa cikin ratar da nake bayarwa. Akwai na goma."

Hirakawa ya ce a gaya wa tsofaffi da marasa lafiya na ƙauyukan biyu su fara fita, sauran su shirya. Duk minti biyar taswira takan sabunta, duk minti biyar ta sake lissafi ta faɗa masa lambobi biyu. Haka ta yi awa uku. A tsakanin kowane lissafi tana ganin takalmi ƙafa ɗaya yana bin ruwa, tana ƙoƙarin tuna ko tsohon yana da wani a bakin ƙofa. Tana ƙirga mintoci daga gidansa zuwa na Fusae, daga na Fusae zuwa gada. Ko ta yaya ta ƙirga, ya kamata a ce ya haye tun kafin bas na biyu.

Ƙarfe huɗu da ɗan wani abu ruwa ya sassauta. 'Yan kwana-kwana huɗu suka bi ta kan tudu a ƙafa. Biyar saura kwata rediyo ya yi ƙara. Sun iske mutane a haikali, ɗakin ibadar ƙauyen da yake kan tudun yamma, sun jiƙe, suna rawar sanyi, amma da ransu. Mutum goma sha ɗaya.

"Karanto sunayen," in ji Hirakawa.

Mutumin ya fara karantowa ɗaya bayan ɗaya, rediyon yana yankewa. Umeda yana sa alama. Chizuru ta riƙe bakin tebur da hannu biyu. Na biyar ba shi ba ne. Na shida ba shi ba ne. Na takwas Fusae ce.

"Nagase Genzo. Ya ji ciwo a ƙafa, ba takalmi, amma yana magana. Yana ta magana ma."

Ta tashi ta shiga banɗaki, ta rufe ƙofa, ta wanke fuskarta. Da ta fito ta kira Toru.

Biyun da suka rage su ne Morinaga da matarsa, masu ƙaramin shago a bakin hanyar gonaki. Washegari da rana aka tono su. Sai bayan mako guda aka samo ma'aunin Tochinoki, wayarsa a tsinke amma cikinsa yana nan da abin da ya rubuta. A awar da ta gabaci zaftarewar ƙasar, milimita ɗari da takwas ne ya sauka. Rada ta ce talatin da takwas. Chizuru ta ce ba zai wuce casa'in da biyar ba. Ta daɗe tana kallon lambar, don ta san da irin wannan lissafin za ta ci gaba da ba da shawara har ƙarshen damina, kuma ba ta da wanda ya fi shi.

Amma kafin wannan, da safiyar Juma'a, jirgi mai saukar ungulu ya kwaso mutanen haikalin ya sauke su a filin makaranta. Ta iske Baba Genzo a kusurwar ɗakin wasanni, zaune a kan tabarma, an naɗe masa ƙafar dama da bandeji, an lulluɓa masa bargo mai ruwan toka. Ya yi ƙanƙanta a idonta. Fusae tana barci a kusa da shi, bakinta a buɗe.

Ta durƙusa gabansa. "Baba, ka yafe mini. Ni na fitar da kai cikin ruwan nan."

"Da ba ki fitar da ni ba, da ina cikin ɗaki ina jiran ruwa ya tsaya in kunna talabijin." Ya gyara bargon. "Zauna sosai, mutane suna kallonmu."

Ta zauna. Ya ba ta labari a hankali, ba tare da ya dube ta ba. Ya ɗauko Fusae, ya biya gidaje uku yana buga ƙofa, motarsa ta kusa cika. Da suka gangaro sai ya iske ruwa da duwatsu sun rufe hanyar da take kaiwa gada, ya juya ya hau tudun yamma har inda mota ta ƙi, suka ƙarasa a ƙafa. Suna bakin haikalin suka ji ƙarar. Ya ce ba ta yi kama da tsawa ba, ta fi kama da jirgin ƙasa yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafarka.

"Na tsaya a shagon Morinaga," ya ce. "Na ce su shigo, akwai wuri a baya. Ya ce in wuce, za su biyo ni da tasu motar, suna ɗaga kaya ne daga ƙasa. Na ce to. Ban sake ce masa komai ba. Na ce to kawai, na wuce."

Ita ma Chizuru tun jiya take juya nata jinkirin a rai: ƙarfe goma da minti biyar ta tsaya gaban Hirakawa, sha ɗaya saura minti goma aka yi shela. Ta riƙe hannun tsohon. Sanyi ƙalau yake, da tsaga a bayan yatsu.

"Gidan ya tafi, ko?" ya tambaya.

"Ya tafi, Baba."

"Da gonar?"

"Layi biyu na sama sun tsira, in ji waɗanda suka hango."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Yaushe Toru zai iso?"

"Da yamma, in jirgin ƙasa ya fara tafiya."

"Ki ce ya taho mini da wando. Wannan na aro ne, kuma mai shi ya fi ni tumbi."

Ta ce za ta gaya masa. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo da miya mai zafi a kofin takarda, Chizuru ta karɓa ta riƙe masa har ya sha rabi, sannan ya ture. Ta gyara masa bargo, ta duba ƙafar. Ƙarfe tara ake jiranta a ofis, don an ce wani ruwan yana tahowa bayan tsakar rana. Ta miƙe, ta ce masa za ta dawo da yamma tare da Toru, su tafi da shi gidansu. Bai ce a'a ba.